Yadda za ka zaɓi hedifon mai rufaffen baya da ƙaramar amfilifaya a Kano idan kuɗinka kaɗan ne

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakinsa a Kano yana son sauraron karatu ko waƙa cikin natsuwa, alhali janaretan maƙwabci yana ruri, masu adaidaita sahu suna ta danna hon a bakin titi, yara kuma suna guje-guje a tsakar gida, ya san abin da ke sa mutum ya fara tunanin sayen babban hedifon wanda yake lulluɓe kunne gaba ɗaya. Masu wannan buƙata suna da yawa: ɗalibin da ke bitar lacca a ɗakin kwanan ɗalibai na Jami'ar Bayero, matashin da ke koyon tace sauti a ɗaya daga cikin situdiyoyin Zoo Road, mai haddar Alƙur'ani da ke son jin fitar kowane harafi, da wanda kawai yake son kiɗan kalangu ya shiga kunnensa da kyau. Shawarar da nake ba kowa daga cikinsu iri ɗaya ce: mafi yawan kuɗinka su tafi kan hedifon ɗin kansa, amfilifaya kuma, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya shiga hedifon, kada ka saye ta sai lissafi da kunnenka sun tabbatar maka cewa akwai buƙatarta.

Manyan hedifon iri biyu ne ta fuskar ƙira. Akwai mai buɗaɗɗen baya, wanda bayan kofin kunnensa raga ce, iska tana shiga tana fita. Sautinsa yakan fi faɗi da sakewa, amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: hayaniyar waje za ta shigo maka, na kusa da kai kuma zai ji duk abin da kake sauraro. Sai mai rufaffen baya, wanda kofinsa a toshe yake, yana rage ƙarar waje kuma yana riƙe sautinka a ciki. Ga mazaunin gidan da ake da yawa, ko mai naɗar murya a gaban makirufo wanda ba ya son sautin hedifon ya koma cikin abin da yake naɗa, rufaffen shi ne zaɓi. Sai dai a sani cewa toshewarsa ta fi tasiri kan siraran sautuka kamar surutu da ƙarar fanka, amma gurnanin janareta, wanda sauti ne mai kauri, yakan ratsa ya shigo ko da ya ragu. Haka kuma a bambance mai lulluɓe kunne da mai zama a kan kunne. Na biyun yana danne fatar kunne, bayan awa ɗaya sai ciwo, kuma ba ya toshewa sosai.

A kan kwalin kowane hedifon na kirki akwai lambobi biyu da ya kamata ka duba kafin ka tambayi farashi, domin su ne za su gaya maka ko wayarka za ta iya tuƙa shi ita kaɗai. Ta farko ita ce turjiyarsa ga lantarki, wadda ake aunawa da om. Ta biyu ita ce saurin amsawarsa, wato yawan ƙarar da yake fitarwa idan aka ba shi miliwat ɗaya na wuta, ana auna ta da desibel. Mutane da yawa suna kallon ta farko kawai, su ce duk abin da bai wuce om 32 ba yana da sauƙin tuƙawa, amma lambobin biyu tare suke aiki. Sony MDR-7506, wanda ake amfani da shi a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar fim tun 1991, om 63 ne, amma saurin amsawarsa desibel 106 ne, saboda haka ƙaramar waya ma takan cika shi da sauti. Audio-Technica ATH-M40x om 35 ne da desibel 98, shi ma ba ya wahalar da waya. Shi kuwa Beyerdynamic DT 770 Pro na ƙasar Jamus kala uku ake yawan samunsa, mai om 32, mai om 80 da mai om 250, kuma a nan ne mutane suke faɗawa rami ba su sani ba.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Wutar da ke shiga hedifon ita ce ƙarfin bolt sau kansa, a raba da yawan om, amsar tana fitowa a wat, kuma wat ɗaya miliwat 1,000 ne. Idan na'urarka tana fitar da bolt 1, hedifon mai om 250 zai samu miliwat 4 kacal, mai om 35 kuwa zai samu kusan miliwat 29. Duk ninka wuta sau biyu yana ƙara desibel 3 ne kawai. To, DT 770 mai om 250, wanda amsawarsa desibel 96 ce, zai kai desibel 102 a ƙololuwarsa da bolt 1, idan kuma rabin bolt kawai wayar ke bayarwa, a 96 zai tsaya. Wannan lamba tana iya zama kamar mai yawa, amma ƙololuwa ce, wato inda ganga ta buga da ƙarfi. Matsakaicin sautin yakan kasance ƙasa da haka sosai, musamman a tsofaffin faya-fayai da karatun da aka naɗa a hankali. Shi ya sa mai irin wannan hedifon yakan ƙure ƙarar wayarsa har ƙarshe amma ya ji sautin ba shi da jiki. Ni ma haka ta faru da ni shekarun baya, lokacin da na sayi mai om 250 na hannu saboda na ga farashinsa ya faɗi, ban duba lambar da ke jikinsa ba. Rarar da na samu a cinikin, da ƙari a kai, ita na mayar wajen sayen amfilifaya. Da mai om 32 na ɗauka, ko ma mai om 80, da ban shiga wannan hidimar ba.

Akwai wata dabara ta rubutu da ya kamata a lura da ita. Wasu kamfanoni suna auna saurin amsawa da miliwat, wasu kuma da bolt, kuma ma'aunin bolt yakan ba da lamba mafi girma. AKG K371 an rubuta masa desibel 114 a kan bolt 1, amma da yake om 32 ne, idan aka mayar da shi ma'aunin miliwat kusan desibel 99 ke nan, wato sa'an M40x ne. Sauran lambobin da ake cika kwali da su, kamar a ce hedifon yana kamawa daga haz 5 zuwa 40,000 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), ba su da wani amfani wajen zaɓi, domin kunnen ɗan Adam daga kimanin haz 20 zuwa 20,000 yake ji, kuma wannan iyaka ta sama tana raguwa yayin da shekaru ke ƙaruwa.

Game da waɗanda za a duba, ga abin da na sani. ATH-M20x na Audio-Technica shi ne mafi araha a danginsu, wajen dala 50 ake sayar da shi a ƙasashen waje, sautinsa mai kyau ne gwargwadon kuɗinsa, amma igiyarsa a haɗe take da jikinsa. M40x da MDR-7506 duk wajen dala 100 suke. M40x igiyarsa tana cirewa, sautinsa kuma a daidaite yake, har wasu masu aikin sauti sun fi son sa a kan yayansa M50x wanda ya fi shi tsada kuma ya fi shi kaurin sauti. MDR-7506 ba shi da nauyi, yana fito da muryar mutum fili ƙwarai, abin da ya sa ya dace da karatu, tafsiri da aikin rediyo, sai dai siririn sautinsa yana da kaifi, kuma igiyarsa doguwa ce mai naɗi kamar ta tsohuwar wayar tarho, ba ta cirewa, ba ta da daɗin yawo. K371 a kunnena ya fi su daɗin sauraron waƙa, amma sai an lallaɓa shi wajen naɗewa da ajiya. Sennheiser HD 280 Pro ya yi fice wajen toshe hayaniya, ko da yake yana matse kai. Ban sa farashin naira ba da gangan, saboda kayan duk shigo da su ake yi, farashinsu yana bin canjin dala ne. Abin da za ka yi shi ne ka duba farashin kamfani a intanet, ka juya shi zuwa naira a canjin ranar, ka ƙara kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa, sai ka riƙe wannan adadi a ranka kafin ka shiga kasuwa.

Abin da masu sharhin kayan sauti na Turai da Amurka ba sa kawowa a lissafi shi ne yanayin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma rufaffen hedifon murfi ne a kan kunne, dole gumi ya taru. Yawancin soson kunnen da ke zuwa da waɗannan kaya an lulluɓe shi da fatar roba, wadda gumi da man shafawa suke cinyewa har ta fara ɓarewa tana manne wa mutum a wuya. Saboda haka kafin ka saya ka tabbatar cewa soson yana cirewa kuma ana samun madadinsa. Na M40x, M50x, MDR-7506 da DT 770 duk ana samu cikin sauƙi a shagunan intanet, domin kayan sun daɗe a kasuwa. Soso mai yadin karan-miski, irin wanda ke zuwa da DT 770 mai om 80 da mai om 250, ya fi sanyi a fata, amma yana kama ƙurar hunturu, kuma idan ka ɗora shi a kan hedifon da aka ƙera da soson fata, kaurin sautin zai ragu, toshewar ma haka. Sauya soso sauya sauti ne, don haka ka nemi wanda ya fi kama da na asali.

Wannan batu na toshewa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin kaurin sautin rufaffen hedifon ya dogara ne da yadda soson ya manne da fata ba tare da kafa ba. Ƙafar tabarau mai kauri tana buɗe kafa. Gefen hula idan ya sauko ya shiga ƙarƙashin soso yana buɗe kafa. Mace mai ɗankwali ko hijabi da ta ɗora hedifon a kan mayafi za ta ji sautin ya bambanta da yadda yake a kan fata. Don haka ka gwada shi a shago da irin shigar da za ka riƙa sauraro da ita a gida.

Yanzu sai amfilifaya. Da yawa daga cikin wayoyin Tecno, Infinix da itel da suka cika hannun mutane a Kano har yanzu suna da kafar iyafis mai milimita 3.5, kuma idan hedifon ɗinka mai sauƙin tuƙawa ne, ka fara da ita. Alamomin da ke nuna akwai buƙatar ƙari su ne ka ƙure ƙara amma sautin bai ishe ka ba a ɗaki mai shiru, ko sautin ya riƙa fashewa idan ganga ta buga, ko ka riƙa jin wani shuu a ƙarƙashin sautin lokacin da aka yi shiru. Wannan na ƙarshe ya fi yawa a kwamfutar tafi-da-gidanka, musamman idan tana caji da wutar janareta. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, amfilifaya ba za ta ƙara maka komai ba sai nauyi a aljihu. Ba ta mayar da hedifon mara kyau ya zama mai kyau, kuma ba ta gyara wa'azin da aka naɗa da waya daga sahun baya ko waƙar da aka matse ta har ta koma kilobit 64.

Idan buƙatar ta tabbata, ko kuma wayarka ba ta da kafar iyafis, kamar iPhone tun daga ta 7 da ta fito a 2016 da manyan wayoyin Samsung na baya-bayan nan, mafi araha shi ne ɗan guntun haɗi da ake soka wa a kafar caji. A cikinsa akwai abu biyu: DAC, wato na'urar da ke juya lambobin kwamfuta su zama sauti, da kuma ƙaramar amfilifaya. Na Apple mai kan USB-C dala 9 ne, sautinsa tsaf yake, sai dai iri biyu ne. Wanda ake sayarwa a Amurka yana ba da bolt 1, na Turai kuma rabin bolt, kuma a wasu wayoyin Android ba ya sakin dukkan ƙarfinsa. Kamfanoni irin su FiiO da Moondrop suna yin waɗanda suka fi shi ƙarfi, masu kai wa bolt 2, kuma wannan ya wadatar da kusan duk hedifon da na ambata, har mai om 250 idan sauraro na hankali ake yi. Ka yi hattara da masu arahar gaske da ba su da DAC a ciki, domin igiya ce zalla, kuma ba sa aiki sai a wayar da aka ƙera ta fitar da sauti kai tsaye ta kafar caji. Wasu wayoyin kuma sai ka kunna OTG, wato damar karɓar wata na'ura ta kafar caji, a saituna kafin su gane abin da ka soka.

A takardar bayanin amfilifaya abu biyu nake dubawa. Na farko yawan wutar da take bayarwa a daidai om ɗin hedifon ɗina, domin lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe yawanci ta om 32 ce ko ƙasa da haka, kuma tana faɗuwa sosai a om 250. Na biyu turjiyar mafitarta, wadda ƙa'idar da masu sauti suke bi ta ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Mai om 32 ke nan yana son mafitar da ba ta wuce om 4 ba, in ba haka ba kaurin sautin yakan kumbura ya rasa tsari. Maganar kafa mai milimita 4.4 da manyan lambobi irin su bit 32 ka bar ta ga masu yalwa, domin ma'aunin faifan CD, bit 16 da kilohaz 44.1, ya riga ya ƙunshi abin da kunne ke iya ji.

Sai batun wuta, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da mutum kan lallaɓa cajin wayarsa ya kai shi dare. Guntun haɗi daga batirin wayarka yake sha, kuma mai ƙarfi ya fi mai rauni sha, sannan yana toshe kafar caji muddin kana sauraro. Amfilifaya mai batirin kanta, irin dangin BTR na FiiO da ke karɓar sauti ta Bluetooth, tana sauke wa waya wannan nauyi, amma ta fi tsada, ta zama abu na biyu da za ka riƙa nema wa caji, kuma batirinta yana lalacewa da wuri idan ana barin ta cikin mota a rana. Ga mai ƙaramin ƙarfi, guntun haɗi da fawa bank ɗin da yake da shi tun da farko sun fi dacewa.

Wajen saye, kasuwar waya ta Farm Centre da shagunan Beirut Road nan ne za a fara dubawa don guntun haɗi da igiyoyi, masu kayan kiɗa da lasifika na yankin Sabon Gari kuma su ne aka fi sa ran samun hedifon irin na situdiyo a wurinsu. Abin da ba a samu ba sai a yi odarsa daga Legas ko ta intanet. Babbar matsalar ita ce jabu, domin M50x da MDR-7506 suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya, kuma kwalin jabun yakan yi kama da na gaske ƙwarai. Araha ba ta ado: idan aka sallama maka sabo a rabin adadin da ka lissafa, ka ajiye shi. Ka buɗe hotunan kamfanin a wayarka ka gwada rubutun jiki, ɗinkin soso, kan igiya da maɗaurin kai. Na hannu mai asali ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, muddin lasifikokinsa biyu lafiya suke, tunda soso da igiya ana sauya su.

Ka je da wayarka da abin da za ka saurara, kuma ya kasance sautin da ka sani kamar tafin hannunka: muryar makarancin da ka saba ji, waƙa mai ganga da kayan tsirkiya kamar gurmi ko kukuma, da wani shirin magana zalla. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni minti goma in ji shi a kunnena," domin matsewar kai da zafin soso ba sa bayyana a minti ɗaya. Ka saurara ko muryar tana tsakiyar kanka. Idan ta karkata gefe guda, ɗaya lasifikar ta raunana. Ka murza igiya a gindinta da wajen kanta ka ji ko sauti zai yanke, ka buɗe maɗaurin a hankali ka duba tsagewa a wurin naɗewa, wanda nan ne irin waɗannan kaya suka fi karyewa. Idan za ka gwada biyu, ka daidaita ƙararsu, domin kunne yakan ɗauki wanda ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau. Kafin ka biya, ku yi magana a fili kan kwana nawa za ka iya dawo da shi idan matsala ta fito, a rubuta a rasit tare da lambar kayan.

Da ka samu kayan, ka kula da kunnen da za ka saurara da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Amfanin rufaffen hedifon shi ne yana ba ka damar rage ƙara tunda ba ka gasa da hayaniyar waje, amfilifaya kuma an yi ta ne don sautin ya tsaya da ƙafarsa, saboda haka ka mayar da ƙararta ƙasa kafin ka soka hedifon, sannan ka ɗaga a hankali. Idan ka cire shi ka ji kunnenka yana ƙara ko ya dushe, ka wuce iyaka. Kada ka sa shi kana tuƙa babur ko kana tsallaka titi, kuma idan lokacin salla ya gabato ka zame kofi ɗaya daga kunne, domin mai toshewa sosai yana iya hana ka jin kiran salla daga masallacin unguwa.

Bayan kowane dogon sauraro a lokacin zafi, ka goge soson da ƙyalle mai ɗan danshi ka bar shi ya sha iska a inuwa, kuma kada turare ya taɓa shi, saboda sinadarin da ke cikinsa yana busar da fatar roba. Da hunturu ka riƙa ajiye shi cikin jaka ko akwatinsa don ƙura kada ta shiga ragar lasifika. Igiya kuma a naɗe ta sako-sako, a riƙa kama kan igiyar wajen zare ta. Idan ta yanke daga ciki a irin wanda igiyarsa ba ta cirewa, masu gyaran waya da rediyo za su iya yanke wurin su liƙa sabon kai da dalma a kuɗi kaɗan, amma ka nuna musu cewa siraran wayoyin ciki suna da rufin fenti wanda sai an ƙone shi ko an kankare kafin dalmar ta kama.